Mabiyiyar Audi

"Ke kika yar da ita, Dela. Ke aka aika, ke kika yar, yau kuma kin wanke hannunki tas kin ɗora wa yarinya laifin."

Ko sallama Shatu ba ta yi ba. Ta ratsa zauren kamar an koro ta, mayafi a kafaɗa, ta tsaya ƙiƙam a tsakar gida. Dela na durƙushe tana matsar man gyaɗa, hannuwanta sharkaf. Gefe guda Tasalla ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, ta zo sayen mai da kwalbarta.

"Shatu, lafiya? Gidan nan dai ana yin sallama a amsa."

"Lafiyar ce ta kawo ni. Maimaita mini saƙon da kika aiko jiya. Daga bakinki nake so in ji shi, ba daga bakin 'yar aike ba."

Dela ta ci gaba da murza tunkuza, ba ta ɗago ba.

Duk Gwiwa an san maganar Falalu ɗan Dela da Baraka 'yar Shatu. Tun tana budurwa yake son ta. Sai ya tafi birni koyon tuƙi, ya daɗe ba labari, ita kuma ta gaji da jira ta auri Sama'ilu. Auren bai yi nisa ba sanƙarau ya ɗauke Sama'ilu, ya bar ta da ciki. Yaron da aka haifa shi ake kira Audi, tunda bai tarar da ubansa ba. Yanzu Audi ya isa yaye, Falalu kuwa yana jan babbar motar wani Kwara, Balarabe mai sayen gyaɗa, kuma bai taɓa kallon wata ba.

Jiya aka shirya baffanninsa za su kawo gaisuwa. Shatu ta share gida, ta dama fura da nono mai kyau, ta aro tabarmi. Har rana ta karkata ba kowa. Sai ga wata tsohuwa da saƙon Dela: a yi haƙuri, ɗanta ba zai auri macen da ba a binne mabiyiyarta ba.

Kowace mace a ƙasar nan ta san ƙa'idar mabiyiya. In jariri ya faɗo ta biyo shi, ungozoma ta wanke ta, ta haƙa rami a bayan ɗakin mai jego, ta shimfiɗa ta igiyar cibi na kallon sama, ta rufe. In aka kife ta, ko aka yar, mata sun ce an toshe wa mai ita haihuwa ke nan. Baraka kuwa a asibitin Turawa ta haihu, can birni, kuma ba wanda ya ga mabiyiyar Audi ta dawo gida.

"Abin da na aiko shi ne abin da ke akwai," in ji Dela daga ƙarshe. "Ni ban ƙi yarinyar nan ba, Allah ya sani. Amma 'ya'ya nawa na binne kafin Falalu ya tsaya mini? Ke kika riƙa yi mini wankan wasunsu. Shi kaɗai gare ni. In ya auri wadda ba za ta haihu ba, gidan nan ya mutu."

"Wa ya ce ba za ta haihu ba?"

"Turawa sun ƙone abin. Haka suke yi a can, kowa ya sani."

"Kowa ya sani daga bakin wa? Daga bakinki. Wa na ba sabon ƙoƙo da farin ƙyalle ranar da aka ɗora ta a mota? Wa na ce wa, Dela, ko me za a yi kada ki dawo ba da ita ba?"

"Da kin bi ta da kanki mana."

Maganar ta soki Shatu, amma ba ta nuna ba. Baraka 'yar farinta ce. Ko sunanta ba ta faɗa, balle ta zauna a kanta tana naƙuda a gaban baƙi. Shi ya sa ta wakilta Dela, aminiyarta tun suna amare, kuma uwar Falalu da ya ja motar.

Tasalla ta yi gyaran murya. Ƙanwar marigayi Sama'ilu ce, kuma ba ta shiga gida ta fita ba labari.

"Ni dai ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba, Iya Shatu. Yaya Maikasuwa, wan marigayi, ya ce yana son ta. Yana da 'ya'yansa, bai damu da ta haihu ko kada ta haihu ba. Ta koma gidan da ta fito, Audi ya tashi cikin dangin ubansa. Mene ne aibu?"

"Aibun shi ne ba ta son sa. Kuma ba da ke nake ba. An zuba miki man ko ba a zuba ba?"

"Ana matsa."

"To, matse bakinki ke ma."

Shatu ta juya wajen zaure. "Ke. Shigo."

Baraka ta shigo a hankali, Audi na barci a bayanta. Idanunta sun kumbura. Ta durƙusa nesa da Dela ta gaishe ta, Dela ta amsa a ciki-ciki.

"Faɗa mata abin da kika faɗa mini yau da safe."

"Iya, don Allah a bar maganar nan."

"An bar ta har yaro ya yi haƙora. Me barin ya haifa? Faɗa. Tun daga farko."

Baraka ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zanenta. Da ta fara magana muryarta can ƙasa take, har Tasalla ta jawo kujera.

"Inna Dela, kin san yadda aka yi a gida. Kwana da kwanaki ina durƙushe. An ba ni rubutu, an yi hayaƙi, ba abin da ya motsa. Ƙafafuna suka daina ɗauka ta. Da ungozoma ta fito da aska ta ce gishiri ne, sai a yanka, Iya ta shigo ta ce ba za a taɓa ni ba."

"Na ga abin da askar nan ta yi wa ƙanwata," in ji Shatu. "Har ta mutu tana yoyo. Ci gaba."

"Aka shimfiɗa ni a kan buhunan gyaɗa. Duk ramin da mota ta faɗa sai in ji kamar an raba ni biyu. Kina riƙe da kaina, Inna, kina yi mini addu'a, ban manta ba. A Kazaure malamin magani ya duba ni ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a wuce birni. Daga nan ban ƙara sanin hanya ba.

"Da na buɗe ido ina kan gadon ƙarfe, sanyi kamar dutse. Fitila a saman kaina, ba ta ƙiftawa, ba ta hayaƙi. Na yi ƙoƙarin in sauka in durƙusa, suka mayar da ni. Wai a kwance ake haihuwa, rigingine, kamar gawa. Suka cire mini laya, suka cire zanen. Na ce su kashe ni kawai ya fi mini wannan tsiraicin."

"Maza ne?" Tasalla ta tambaya da sauri.

"Mata ne. Likitar Baturiya ce, doguwa, hannunta sanyi. Sai wata ma'aikaciya 'yar Zariya, Saude, ita ke mayar mini da magana. Ta ga na cusa ƙyalle a baki ina cizo, ta ce, 'Yarinya, yi kukanki. Nan ba surukarki, ba mai kai labari gida.' Na kasa. Tun ina ƙarama ake ce mana mai kuka a haihuwar fari ta ba da mata. Na cije har leɓena ya fashe.

"Likita ta ce kan yaron ya karkace. Ta ɗauko wani ƙarfe kamar ludayi biyu a haɗe. Da na gan shi na yi kalmar shahada. Na ce wa Saude in na mutu a kai ni gida, kada a binne ni cikin baƙi. Ta ce, 'Mai mutuwa ba ta da wannan surutun.' Suka ɗora mini tsumma a hanci, wari mai zaƙi-zaƙi, ɗakin ya riƙa juyawa, na tafi."

Hawaye ya fara zuba, ba ta share ba.

"Kukansa ne ya tashe ni. Kansa dogo, da shatar ƙarfe a nan gefen kunne. Na ce an lalata shi. Saude ta yi dariya ta ce kan zai koma, ya kuwa koma. A gadon kusa da ni akwai wata mata daga Babura, nata bai zo da rai ba. Ita ta koya mini yadda zan kama shi in ba shi nono, don ɗinkin bai bar ni in zauna ba. Tana gyara mini shi tana kallon bango."

Har Dela ta daina matsa.

"Zo kan maganar," in ji Shatu.

"Ina kwance ina ganin ƙofa. Saude ta fita da ƙoƙon da Iya ta bayar, ta dawo da shi a rufe da farin ƙyalle. Ta ce mini, 'Na wanke ta da kaina. Ni ma Bahaushiya ce, na san abin da ake yi.' Ta kira ki bakin ƙofa, Inna Dela. Ta miƙa miki. Kika karɓa da hannu biyu, kika sa a cikin mayafinki."

"Mafarki kika yi," in ji Dela. "Na gaya miki tun a lokacin. Maganin Turawa ne ya juya miki kai."

"Haka kika ce, na kuma yi shiru. Na ce ina ni ina ƙaryata mahaifiyarsa. Amma ban yi mafarki ba, Inna. Na san ƙoƙon. Sabo ne, da zanen ƙuna guda biyu a gindinsa. Ina ganinsa har yanzu."

Shatu ta matso har inuwarta ta rufe Dela.

"Ɗago ki dube ni. Tare muka yi jego, tare muka yi takaba. Ki rantse da Allah ba ki karɓa ba, in juya in tafi, in ce 'yata ce maƙaryaciya."

Dela ta ture tunkuzar gefe. Ta goge hannu a zane, ta sake gogewa.

"Ban taɓa shiga mota ba sai ranar," ta ce a hankali. "Da za mu dawo, Falalu ya sa ni a gaba. Zafin inji, warin fetur, ga ƙoƙo a cinyata. Tun daga Kazaure nake amai. Na tura shi ƙarƙashin kujera don in samu in riƙe kaina. Da muka iso ban san ma wa ya sauke ni ba. Na kwanta kamar matacciya. Sai da gari ya waye na tuna, motar kuwa ta riga ta tafi Roni ɗaukar kaya."

"Sai kika ce Turawa sun ƙone."

"Me zan ce miki? In ce na manta da amanarki a ƙarƙashin kujera kamar tsumman goge mai?"

"Da kin faɗa, da na zage ki, da mun bi motar ko da ƙafa. Amma kika bar yarinya da tabo, mata na nuna ta a bakin rijiya. Wannan ma duk na iya haɗiyewa. Abin da ba zan haɗiye ba, ke da kika yi ɓarnar, ke ce kika fara cewa ba ta auruwa."

"Ko ni na yar, ko Turawa suka ƙone, ai ta ɓata, Shatu." Dela ta fashe da kuka. "Ta ɓata. Laifina ne, na ji. To don na yi laifi sai in bar ɗana ya mutu ba magaji?"

Shatu ta ja da baya. Ta zo ne tana zaton in gaskiya ta fito magana ta ƙare. Ga gaskiya ta fito, auren kuma yana nan inda yake, a ƙasa.

Sai ga ƙugin mota a waje.

Baraka ta miƙe da sauri za ta fice, suka yi kiciɓis da Falalu a bakin zaure. Dogo ne, rigarsa duk baƙin mai. Shatu ta juya musu baya kamar mai duba kaji, amma kunnenta na can.

"Tun ɗazu nake neman ki," ya ce ƙasa-ƙasa. "Na je gida aka ce ba ki fitowa."

"In fito in ce maka me?"

"Ba da sanina aka aika saƙon nan ba. Ina Roni. Baffa ne ya tare ni a hanya yanzu yake gaya mini."

"Da saninka ko ba da saninka ba, mahaifiyarka ce. Ba zan shiga tsakaninku ba. Ka nemi wadda za ta cika maka gida."

"Na taɓa tafiya na bar ki sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya. Ranar da na ɗauke ki a motar nan, duk nishin da kika yi a baya ina jin sa a gaba. Na yi wa Allah alkawari in kika rayu ba zan sake sakaci da ke ba. Ki haihu, kada ki haihu, ke nake so."

"Haka za ka ce yau. In shekaru suka tafi kana ganin 'ya'yan abokanka fa? Ni ma tsoro nake ji. Kullum sai na tambayi kaina, in gaskiya ne fa? In Audi ne na farko, shi ne na ƙarshe?"

"Wai duk a kan me ake wannan? Baffa ya ce maganar mata ce, ya ƙi faɗa mini."

Shatu ta juyo. Kunya ta riga ta ƙare mata tun jiya.

"A kan mabiyiyar Audi ne. Uwarka ta manta da ita a motarka, ta ɓata, yanzu ta ce wadda ba a binne wa ba ba ta sake haihuwa."

Falalu ya yi sororo. Sai fuskarsa ta washe, har da 'yar dariya.

"Ƙoƙon nan mai farin ƙyalle? Iya, ai bai ɓata ba. In wannan ne, an gama. An binne ta."

Dela ta ɗago. "Wa ya binne?"

"Ni. Ranar da muka dawo, bayan na kwantar da ke, na koma share mota kafin magariba, na gan shi. Na buɗe na gane ko mene ne. Na tsaya ina tunani. In kai gidan Iya Shatu, namiji da wannan abu a hannu, ina zan sa idona? Kuma in na kai, na tona miki asiri ke nan, an san kin manta. In tashe ki, kina kwance ba ki san inda kanki yake ba. Na dai san binnewa ake yi a bayan ɗaki. Sai na ɗauki fartanya."

"A bayan wane ɗaki?" Shatu ta tambaya.

Ya nuna da hannu. "Nawa. Ga shi can, gindin lallen nan. Na haƙa da zurfi, na ɗora dutse don kada kare ya tone."

Ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya yana jiran a sa masa albarka.

"Yaya ka sa ta?" in ji Dela. "Igiyar tana sama ko tana ƙasa?"

"Igiya?"

"Ka shimfiɗa ta ko ka kife ta?"

"Inna, ni juye ƙoƙon na yi a ramin. Ban tsaya kallo ba."

Dela ta ɗora hannu biyu a ka.

Amma Shatu ba igiya take tunani ba. Tasalla take kallo. Tasalla ta miƙe tsaye a hankali tana gyara ɗaurin zane, idonta a kan gindin lallen, bakinta da wani murmushi.

"Ikon Allah," ta ce. "Ashe cibiyar ɗan Yaya Sama'ilu a bayan ɗakin Falalu take. Mu muna can muna kukan maraya, muna kiran sa Audi."

"Tasalla, ki iya bakinki," in ji Shatu.

"Ni me na ce? Ni dai tun da nake ban taɓa jin namiji ya binne cibiyar ɗan wani a gidan ubansa ba. Kowa ƙasarsa yake kai nasa. Dama an sha cewa tun Yaya na da rai motar nan ta cika lalacewa a bakin unguwarmu."

"Kin ji yadda aka yi da kunnenki. A gabanki aka faɗa."

"Na ji. Na ji uwa ta ce ta manta, ɗa ya ce ya tsinta, aka yi shiru har yaro ya fara tafiya. Zan faɗa wa Yaya Maikasuwa yadda na ji, shi ya auna."

Ta fice, ko kwalbar ba ta ɗauka ba.

Sai a lokacin Falalu ya fahimta.

"Wallahi ban taɓa... Iya, kin san ni. Baraka, gaya musu."

Baraka ta zame ta zauna a ƙasa. Audi ya farka ya fara kuka, ta jawo shi gaba ta ƙanƙame.

"Me ka yi mini?" ta ce. "Da ana cewa ba zan haihu ba, na ɗauka. Yanzu wanda na haifa ɗin za a ce ba shi da uba. Na sha wuyar nan duka, an sa mini ƙarfe, an ɗinke ni, don a kira shi shege?"

"Don in rufa asiri na yi."

"Na sani. Shi ne abin da ya fi ciwo. Da mugunta ka yi da na tsane ka na huta."

"Zan ɗauke ki mu tafi birni yau ɗin nan. A ɗaura a can. Ba mai sanin mu."

"In mun gudu mun amsa ke nan."

Shatu na tsaye tana lissafi. Rumfar Maikasuwa ba nisa, bakin kasuwa take, kuma yau cike take da masu awon gyaɗa. Ta san yadda za a yi. Maikasuwa ba zai yi ihu ba, ba halinsa ba ne. Zai tara dattawa ya ce a je gaban alƙali a wanke sunan ƙaninsa. In magana ta kai can, ba limamin da zai ɗaura auren Falalu da Baraka a garin nan. Sai Maikasuwa ya fito a matsayin mai rufa asiri, ya ce shi zai riƙe ta duk da haka, kowa ya ce ya yi halin girma.

"A tone," in ji Dela cikin kuka. "A tone a mayar gidanku."

"A tone me? Damina biyu ta wuce a kai. Ƙasa za ki kwasa?"

Suna cikin haka suka ji takun mutane a waje, ba na mutum ɗaya ba. Sai sallama, a natse, da muryar da duk suka sani.

"Salamu alaikum. Ana sallama da Falalu direba."

Falalu ya nufi zaure. Shatu ta sha gabansa ta dafe ƙirjinsa da tafin hannu.

"Ina za ka?"

"Ni ake kira, Iya."

"Kai ka fita ka ce me? Ka ce don kana son ta ka binne? Abin da suke jira ke nan. Duk kalmar da ta fito daga bakinka ƙara ɗaure ta za ta yi. Koma."

Aka sake sallama, wannan karon da ɗan ƙarfi.

Shatu ta zare mayafin da ke rataye a igiyar shanya, ta jefa wa Dela a cinya.

"Wannan sallamar taki ce. Ba yaron nan ya fara ba, ba yarinyar nan ta fara ba. Za ki tsaya a zauren nan gaban Maikasuwa da duk wanda ya kwaso, ki ce ke aka ba, ke kika manta, ke kika ƙaga maganar ƙonewa, ɗanki kuma kunyarki ya binne, ba ɗansa ba. In sun ce alƙali, ki bi su, ki dafa Alƙur'ani ki maimaita. Kuma a gabansu za ki ce baffanninsa na zuwa gidana yau, ba gobe ba."

"Shatu, tsofai-tsofai da ni in tsaya gaban maza in ce ni maƙaryaciya ce? Kuma igiyar fa? In a kife take fa?"

"Ba ki sani ba, ban sani ba, shi da ya juye bai sani ba. Wannan na Allah ne. Na waje kuwa naki ne."

Dela ta dubi ɗanta, ta dubi Baraka da yaron a ƙirjinta, ta dubi mayafin. Hannunta na kansa, amma ba ta ɗaga ba.

"Falalu," in ji muryar waje. "Mun ga motarka. Mun san kana ciki."

Shatu ta sunkuya ta kama Dela a damtse.

"Tashi. Yarinyar nan ta ɗauki kayanki tun daga gadon asibiti har yau ba ta ce uffan ba. Ya isa. Yafa mayafinki, ki fita ki amsa."